Ranar da Teku Ya Zagayo Ta Bayanmu a Fadamar Kent

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da Alhajin da nake zaune a gidan hayarsa a unguwar Woolwich ta London. Shi babba ne a ma'aikatar gona ta jiharsu, ni kuwa ƙaramin ma'aikacin ruwa ne, kwas na shekara guda ya haɗa mu. Tun da kuɗin mai ya fara shigowa, duk jirgin da ya taso daga Kano ba ka rasa irinmu a ciki, kowa da sabuwar jaka da kwat ɗin da bai saba sawa ba.

Dalilin tafiyar, malaminmu ne ya ce kowa ya rubuto rahoto kan yadda ake kare ƙasa daga teku. Daga unguwarmu ana hango aikin da ake yi a tsakiyar kogin Thames, manyan ƙofofi ne za a kafa don su tare ruwan teku kada ya afka wa London. Ni da na so in tsaya nan in yi rubutuna in huta. Malamin ya ce a'a, kowa can zai nufa, mu biyu mu gangara bakin teku mu ga inda babu ƙarfe babu siminti. Ya ba mu kwatancen wata tsohuwa mai kiwon tumaki, ya ce ya yi mata waya.

Jirgin ƙasa muka shiga zuwa Gravesend. Hanya duk bayan gidaje ce da masana'antu, hayaƙi na tashi, shanya na jiƙewa a igiya don ba rana. Alhaji ya buɗe ledar da ya zo da ita, dafaffen ƙwai da burodi da ɗan yaji a takarda. Wani Bature da ke gabanmu ya yi atishawa sau uku, ya ƙara ɗaga jaridarsa. A tasha muka sha shayin da Alhaji ya ce ko a gidan makoki ba a ba mutum irinsa, ga tsada. Daga nan bas ya kwashe mu, ya yi ta sauke mutane har ya rage mu kaɗai, ya ajiye mu inda kwalta ta ƙare.

Tsohuwar na jiranmu a bakin shingenta da karenta. Gajeriya ce, fuskarta duk iska ta dafe, ta haura saba'in amma ta fi mu sauri. Ta dubi takalman Alhaji, baƙaƙe masu ƙyalli da ya saya a wani kanti a Marylebone, ta koma ciki ta fito da takalman roba dogaye. Ni na karɓa. Alhaji ya yi godiya ya ce nasa sun isa.

Ta hau da mu kan ganuwar ƙasa da ta raba gonarta da teku, doguwa har ido ya gaji. Ta ce in dubi hagu in dubi dama in gaya mata ina ya fi tudu. Na duba na sake dubawa, don abin ya saɓa wa hankalina. Makiyayar tumakinta da ke cikin ganuwa ta fi ƙasa. Fadamar da ke waje, wadda ruwan gishiri ke hawa, ita ce a sama.

Ta bayyana mana. Sau biyu a yini teku yana cikowa ya janye. In ya hau fadamar, ciyayin nan gajeru masu kauri suna rage masa gudu, sai ya sauke lakar da ya ɗauko. Yau kaɗan gobe kaɗan, fadamar tana ƙara tsawo tana bin ruwan. Gonarta kuwa tun da kakanni suka killace ta ba ta ƙara samun laka ba, sai bushewa take tana zama. Ta ce tun tana yarinya ake ƙara wa ganuwar nan tsawo, kuma kowane ƙari ruwa yana kamo shi.

Muka yi gaba ta nuna mana inda abin ya ɓaci. Nan fadamar ta sirance, bakinta ya zaizaye kamar an gatsa, ɓangarori sun faɗa cikin taɓo. Ta ce da babu ganuwa, fadamar za ta ja da baya ta hau tudu. Amma teku na cinta ta gaba, ganuwa ta tare ta ta baya, ba ta da wurin zuwa. Can gaba kuma akwai wata tsohuwar gona da ganuwarta ta fashe a wata babbar ambaliya shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, ba a gyara ba. Gonar mijinta ce, ya rasu bai daina baƙin cikinta ba. Ta ce shekarun farko taɓo ne zalla mai wari. Yanzu ta rufe da ciyayi, tsuntsaye masu dogayen baki sun cika ta, har ƙananan kifaye na kwana a ƙoramunta. Ta tsinko wani ganye mai kama da 'yan yatsu ta ba mu. Na tauna, gishiri ne da ruwa. Alhaji ya ce in an samu ƙuli-ƙuli zai yi kwaɗo.

Wajen sha biyu ta ce za ta je ta duba wata tunkiya mai ciwon ƙafa. Na ce muna so mu shiga fadamar mu auna bakinta. Ta ce mu shiga, amma da mun ga ruwa ya fara motsi a ƙorama ta farko mu fito, don yau cikowar babba ce. Na yi murmushi na ce mata a fadamar Haɗeja aka haife ni, na san ruwa. Ta dube ni kawai ta kira karenta.

Laifin abin da ya biyo baya nawa ne, ba na Alhaji ba. Ruwan da na sani yana ba da sanarwa. Yakan yi makonni yana tahowa, dattawa su kafa kara a bakin kogi suna dubawa kowace safiya. Da wannan ilimin na shiga. Muka tsallake ƙoramu uku busassu, muka kai baki, muka yi awo, na cika shafi biyu. Teku na can nesa kamar ba ruwansa da mu. Da azahar ta yi, Alhaji ya ce mu yi sallah nan, ga wuri mai tsabta ga ruwa a gorarmu. Muka shimfiɗa kwat muka fuskanci alƙibla.

Da muka sallame sai na waiwaya. Gabanmu har yanzu taɓo ne, amma ƙoramun da muka tsallako sun cika, ruwa na gudu a cikinsu ba ƙara ba kumfa. Ta bayanmu ya zagayo.

Ta farko muka tsallake da ƙyar. A ta biyu na yi tsalle na haye, Alhaji ya biyo ni, gaɓar ta rufta da shi. Ya nutse har gwiwa. Ya yunƙura, ya ƙara nutsewa har cinya. Na kama hannunsa na ja, ni ma ƙafata ta fara shiga. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara ya kai masa ƙugu, ina kallo yana hawa kan rigarsa maɓalli bayan maɓalli.

"Malam, sake ni ka je ka kira mutane," in ji shi, muryarsa a kwance.

"Wallahi Alhaji ba inda za ni."

"To ka daina ja, kana tsinka mini hannu."

Ya fara salati a hankali. Ni kuwa tunanina ya tafi kan 'ya'yansa huɗu, da bakin da zan buɗe in ce ni na ce na san ruwa.

Haushin kare muka fara ji. Sai ga tsohuwar tafe a kan fadamar, ta saɓo katako biyu dogaye, tana bin wata hanya da ita kaɗai ta sani. Ashe tun daga kan ganuwa ta hango mu muna ruku'u, ta ce a ranta waɗannan ba za su waiwayo da wuri ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta jefa katako ɗaya a kan taɓon bayan Alhaji ta ce ya kwanta a kai da baya, ya baje hannuwa.

"In kwanta? A cikin wannan?"

"Kwanta, ka bar wa taɓon takalman."

Ya kwanta. Ta ce ya riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali kamar mai tuƙa keke. Na durƙusa kan ɗaya katakon na tura hannu cikin lakar ina buɗa masa. Ƙafar dama ta fito da wata ƙara, ba takalmi ba safa. Ta hagu ta fi gardama, sai da ruwa ya taɓa masa kunne ta saki. Muka ja shi kamar buhu. Ƙorama ta ƙarshe a kan katako muka rarrafa, tsohuwar na gaba, karen na zagaya mu.

Da muka hau ganuwa na zauna daɓas. Alhaji na karkarwar sanyi yana alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa. Inda muka yi sallah ya zama teku, kan ciyayi kawai ke leƙowa. Tsohuwar ta ce tunda mun biya kuɗin kallo da jikinmu, mu kalla da kyau kafin mu shiga ciki. Iska ta taso. Inda fadamar ke da faɗi, igiyar ruwa kan shigo da ƙarfi, ta bi ta kan ciyayi tana raguwa, ta iso gindin ganuwa a gajiye. Can inda fadamar ta cinye kuwa, duka take kai wa ganuwar, har muna jin bugun a ƙarƙashinmu.

A kicin ɗinta ta hura wuta, ta ba mu shayi mai zafi da burodi da cuku, wannan karon Alhaji bai kushe ba. Ta ɗauko masa kayan marigayi mijinta. Mutumin gajere ne, wandon ya tsaya wa Alhaji a ƙwauri. Haka muka shiga bas, muka shiga jirgi, babban jami'in gwamnati cikin wandon makiyayi da takalman roba, kayansa a leda suna ɗiga. Ba wanda ya kalle mu sau biyu. A hanya na ba shi haƙuri, ya ce in bari, tare muka yi alwala tare muka juya wa ruwan baya.

Mun iso gida bayan magariba. Hajiya, matar Alhaji, ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Alhaji, karatun ne haka?" Ya ce, "Shi ne, yau aka fara." Ta kawo tuwon semo da miyar kuka, muka ci kamar waɗanda suka yi azumi.

Na zauna da rahoton kwana uku. Abin da na rubuta a ciki kaɗan ne daga abin da na gani: fadama ba ƙasar banza ba ce da ke jiran injiniya, aiki take yi, kuma in aka hana ta laka ko aka hana ta wurin ja da baya, mutuwa take a bar ganuwa ita kaɗai da ruwa. In na koma gida za a ba ni taswira da jan biro in ce ga inda za a tare kogi. Kafin in ja layin, zan sauka daga mota in nemi wanda ya tsufa a wurin, in kuma yi shiru har ya gama magana.