Ƙwayoyin da ke aljihun Baba

Babana mahauci ne a kasuwar Garwa. Ya daɗe yana shan maganin ciwon suga safe da yamma, bai taɓa ba shi matsala ba sai a zafin bara, da ya fara ƙin abinci. Ga tashin zuciya, ga zawo, ga kasala. Ranar da ya kasa ɗaga cinyar saniya zuwa kan teburi, abokan sana'arsa suka kira ni a waya. Na rufe shagon ɗinkina, na ɗauke shi a moto, wato babur, zuwa asibiti, yana riƙe da ni da hannu mai sanyi.

Aka ɗebi jininsa. Bayan azahar likita ta kira mu. Faransanci take yi, ni nake mayar wa Baba da Hausa. Ta ce wani datti da ƙoda ke fitarwa ya taru a jininsa, kuma in ya ci gaba da hawa za a fara maganar wankin ƙoda.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce sai an sake gwaji, Baba."

Ya daɗe yana kallona.

Likita ta tambaya ko yana shan wani magani bayan na suga. Ya ce a'a. Ta tambayi saiwa da jiƙo, ya ce a'a. Da ta maimaita da Fillanci, har ransa ya ɓaci. Ina gyara masa riga ne na ji wani abu na ƙara a aljihu. Na ciro katin ƙwayoyi, saura biyu a ciki. Ya ce ai wannan ba magani ba ne, na ƙwannafi ne kawai, a wurin wani mai talla kusa da mayanka yake saye, kusan wata guda yana sha.

Ta karanta sunan, ta ajiye biro. Ta ce a cikin ƙoda akwai ƙananan bututu, a bangonsu kuma akwai sinadarai masu ɗauko wasu magunguna daga jini su tura su cikin fitsari. Maganin sugansa ta nan yake fita, haka ma wani ɓangare na dattin da aka auna. Wannan ƙwaya kuwa tana tare hanyar. Mai yiwuwa ƙodar lafiya take, maganin ne ya taru. Mai yiwuwa kuma ta lalace. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta dakatar da ƙwayoyin duka biyu, aka kwantar da Baba aka sa masa ruwa, ta ce mu jira kwana huɗu.

A gida Inna ta yi ta tambayata, ina ce mata zafi ne ya buge shi. Kowace safiya a asibiti ina leƙa robar fitsarinsa kamar na san abin da nake nema. Rana ta uku ya nemi kunu, amma ban yarda na yi murna ba.

Da sakamako ya fito, lambar dattin da ke jininsa ta sauka. Ba ta koma daidai ba, shekaru sun ɗan taɓa ƙodar, sai aka rage masa maganin suga, aka rubuta masa wani na ƙwannafi. Na zauna a benci.

Bayan sati biyu ya koma kasuwa. Har yau yana mita cewa sabon maganin bai kai na mai talla aiki ba.