Zanen Fuskar Kakar Ba'amurke

Shekarun baya can, cikin alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, ina saurayi a Makka, aikina dakon kayan alhazai a gidan wani muɗawwifi, wato mai saukar da baƙi ya yi musu jagoran aikin hajji. Ni da mahaifiyata muna zaune a unguwar Mansur. Ta ƙasa muka zo daga ƙasar Hausa ina goye, muka zauna ba mu koma ba. Ita tana sayar da tuwo a ƙofar gida, ni kuma Allah ya ba ni ƙarfi da baki, amma bakin ya fi yawa.

Wata shekara, bayan an sauko daga Mina, aka ce in ɗauki akwatin wani tsoho in sauya masa masauki. Baƙi ne wuluk, dogo, kansa duk furfura, kai ka ce daga ƙauyenmu aka ɗauko shi. Na gaishe shi da Hausa, ya yi murmushi. Na sake, ya amsa da Turanci. Nan fa raina ya ɓaci. A lokacin akwai mutanenmu da in sun samu takardar zama da ɗan abin hannu sai su ce ba sa jin Hausa, don kada a kira su Takari. Na ce lallai wannan ya fi su iya shege, ya tsallake Larabci ya faɗa Turanci. Na dire akwatin a tsakiyar titi na wanke shi tas. Na ce, "Baba, da furfurarka kake gudun asalinka? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Shi dai yana gyaɗa kai yana cewa amin, ya zaci addu'a nake masa.

Abokina direban muɗawwifin, mutumin zangon Kumasi, tsohon soja ne, yana jin Turanci. Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kai, rufa wa kanka asiri. Mutumin nan daga Amurka yake."

Na ce, "Amurka ta ina? Da wannan fatar?"

Wallahi har ranar ban san akwai baƙin mutum a Amurka ba. Kunya ta kama ni, na rasa abin da zan wanke laifina da shi, sai na roƙi abokina mu kai shi gida ya ci tuwon rana.

Mahaifiyata ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta yi tambayar da kowane baƙo ke sha a hannunta: wane gari, kuma su waye mutanensa? Abokina na fassarawa, tsohon ya fara bayani.

Ya ce garinsu shi ne kan gunduma guda a kudancin ƙasar, kamar dai garin hakimi a wajenmu. Nan kotu take, nan kurkuku, nan ake rajistar haihuwa da aure da gonaki. Na tambayi yawan mutanen, ina jiran in ji abin da zai fi Makka a lokacin hajji. Da ya faɗa, sai da abokina ya sake tambaya. Duk garin, har da jarirai, ba su wuce 'yan sahu kaɗan ba a Harami ranar Juma'a. Titi ɗaya ne babba, kotun na tsakiya da agogo a samanta, ba ganuwa, ba sarki. Na yi dariya na ce ai unguwarmu ta ninka su.

Tarihin ne ya tsayar mini da dariyar. Ya ce ƙasar ta wasu mutane ce jajaye 'yan asalin wurin, aka kore su, Turawa suka yanka gonakin auduga, suka kawo bayi. A kan matakalar kotun nan ake tsayar da mutum a yi gwanjonsa, a duba haƙoransa kamar jaki. Jirgin ƙasa ya zo, garin ya bunƙasa. Daga baya ƙwari suka cinye audugar, samari suka riƙa gudu biranen arewa, kowace ƙidaya sai a ga an ragu. Ya ce makaranta biyu ce, maƙabarta biyu, har famfon shan ruwa biyu, na farare daban, na baƙaƙe daban. Baƙaƙe sun fi rabin garin, amma shi sai da ya yi furfura kafin a bar shi ya jefa ƙuri'a.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na tsine wa Turawan garin nan tun daga kakanninsu. Na ce a faɗa masa ya tattaro iyalinsa ya dawo gida, mu a wajenmu mutum mutum ne. Mahaifiyata ta harare ni, ban gane ba. Ko a Makkan ma ba a daɗe da hana bauta ba, amma ni ina ta zuba.

Sai tsohon ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta sha ninki. Fuskar mace ce aka zana da fensir, da layi uku-uku a gefen baki. Ya ce kakarsa ce, ita ta raine shi. Tana yarinya aka kawo ta a cikin jiragen bayi na ƙarshe, aka sayar da ita a matakalar nan. Har ta mutu ba ta faɗi sunan garinsu ba, ko ta manta, ko ba ta so. Kabarinta na can ba a rubuta komai a kai ba sai suna. Ya ce tun daga Jidda har Arfa fuskokin baƙaƙe yake bi da kallo yana neman irin wannan zanen. Burinsa kafin ya mutu ya sa a rubuta a dutsen kabarinta inda ta fito.

Ya faɗo gidan sani kuwa, don mahaifiyata 'yar wanzami ce. Ta ga fuska za ta ce maka wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe. Ta karɓi takardar ta kai ta haske, ta daɗe tana dubawa. 

Na ce, "Inna, wane gari?"

Ta ce, "Ƙasarmu ce. Ƙasar Kano." Sannan ta ce, "Amma ba zanen gari ba ne. Uku-uku ne. 'Ya'yan bayin manyan gida ake yi wa, ranar suna, don a san na gidan ne. Kuma wanda aka haifa a gida ba a sayar da shi, al'ada ta hana. Wannan yarinyar amanarta aka ci."

Kaina ya sara. Na raɗa wa abokina, "Ce masa Kano kawai, shi ke nan." Ya faɗa. Fuskar tsohon ta haskaka, ya maimaita sunan har sau uku, ya fara laluben alƙalami.

Mahaifiyata ba ta jin Turanci, amma tana da kunne. Ta ce, "Na yi magana mai tsawo, kun ba shi kalma guda. Mutum ya ƙetaro teku neman gaskiya, ku sallame shi da rabi? A Makka? Faɗa masa duka."

Abokina ya sunkuyar da kai ya faɗa. Tsohon ya ajiye alƙalamin. Ya daɗe yana kallon tuwon da ya huce a gabansa, sannan ya yi tambaya a hankali. Abokina ya fassara.

"Wai waɗanda suka sayar da ita, Musulmi ne?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mahaifiyata ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Suna sallah."

Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya ɗauki alƙalamin ya rubuta Kano a ƙarƙashin zanen, ya ninke takardar, ya yi godiyar abinci. Na kai masa akwatinsa har masauki. Washegari shi da ayarinsu suka wuce Madina, ban ƙara ganinsa ba.

Na ga abubuwa da yawa a Makka, amma ba abin da ya taɓa girgiza ni kamar yinin nan. Na yini ina zagin mutanen wani ɗan ƙaramin gari da ban taɓa gani ba, ashe hanyar da ta kai yarinyar matakalar kotunsu daga ƙofar gidanmu ta faro. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ga tsufa ya zo amma ba ta ragu ba.

Da na koma gida na tarar da mahaifiyata zaune inda muka bar ta, ba ta kwashe kwanuka ba, ba ta fitar da tuwon yamma ba. Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ina ƙarama ni ke riƙe wa babana zabirar askarsa in zai yi uku-uku. Har rawa nake yi, don ranar akwai nama."