Malam Isyaku da Koren Dutsensa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina cikin adaidaita sahu zan tafi makaranta, aka bugo mini waya wai Malam Isyaku ya rasu. Sai da na ce a maimaita.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malamin kemistiri a sakandaren da nake koyar da Hausa a Tarauni. Teburinmu ɗaya a ofishin malamai. Rabi takarduna, rabi duwatsunsa.

Mutum ne mai son sanin abu. Ko tsakuwa ya taka sai ya ɗauka ya jujjuya ta.

Shekarar da mota ta buge ni na karye, na sare ƙwarai. Na ɗauka ƙafar ba za ta ƙara moruwa ba, har na fara tunanin ajiye aiki. Jama'a na zuwa dubiya da lemo da ayaba. Shi kuwa Malam da wani koren dutse ya zo, mai kusurwa shida, yana sheƙi kamar kwalba. Ya ɗora mini a tafin hannu.

Ya ce, "Malam Nura, canki, mene ne wannan?"

Na ce zumurrudu.

Ya yi dariya. "Kai ma ya yaudare ka. Afatayit sunansa, kuma asalin sunan daga kalmar yaudara yake. Yakan zo kore, ya zo shuɗi, ya zo rawaya, a yi ta ɗaukarsa wani dutsen daban." Ya zaro 'yar wuƙa ya karce shi da ƙyar, ya ce zumurrudu na gaske wuƙa ba ta kama shi.

Sai ya ƙwanƙwasa filastar ƙafata a hankali. "Dutsen nan sinadaran kalsiyam da fosfet ne. Irinsa jikinka yake ginawa a cikin nan yanzu haka, kai kuma kana kwance kana ɓata rai. Ƙashinka da haƙoranka duk danginsa ne."

Wallahi daga ranar hankalina ya kwanta. Maimakon zullumi sai na koma tambaya. Kullum ya zo da sabon bayani: wai afatayit gida uku ne, akwai mai fulorin, akwai mai kulorin, na jikinmu kuma sinadarin haidiroksil ne a cikinsa. Mai fulorin ya fi jure tsami, shi ya sa ake sa fuloraid a man goge baki. Da aka sallame ni, kafaɗarsa na riƙa dafawa ina koyon tafiya a layinmu.

Makon jiya na ji ba shi da lafiya, na je gaishe shi a gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Ya rame sosai, amma da ya ji muryata ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida. Bai bari mun yi zancen ciwon ba. Wai ya ji a ƙasar Sakkwato, inda ake samun fosfet irin wanda ake taki da shi, ana tono haƙoran kifin teku.

"Teku a Sakkwato, Malam Nura! To ina ya tafi? In na ji sauƙi, hutun nan sai mun je na gani da idona."

Na ce in sha Allahu, ni zan tuƙa mu.

Ashe sallama muke yi.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa ilimin da ya bayar ya bi shi. Allah ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, ko bai taɓa ganinsa ba, ya tsaya ya sa shi a addu'a.