Saƙon da ya sauka a rumfar mai caji

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda na tashi a hannunta a Kazaure. Ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da ta yi ritaya sai ta buɗe wani ɗan ɗaki inda take zama da waɗanda damuwa ta yi wa yawa: wanda barci ya ƙaurace wa, wadda ta haihu ta riƙa kukan da ba ta san dalilinsa ba. Sauraro take yi, ta yi tambaya, wanda ya fi ƙarfinta ta tura shi asibiti.

Ɗakin ba shi da allon suna. Ta cikin wani shagon magani ake bi a shiga, don wanda ya gan ka ya ɗauka maganin zazzaɓi ka je saya. Gwaggo ba ta yarda da rubuta bayanin kowa a takarda ba, ba ta yarda da buɗaɗɗiyar taga ba, ni kaina da ta raine ni, idan na kai mata abinci a wurin mai shago nake ajiyewa.

Bayan rasuwarta, Malam Nasiru ne ya riƙe wurin. Ya karanci halayyar ɗan'adam, kuma ya daɗe yana aiki a ƙarƙashinta. Bara ya neme ni, da yake kwamfuta nake karanta, ya ce in gina musu shafin intanet. Hujjarsa ita ce mutane na tasowa daga Roni da Gwiwa su tarar ba ranar zama ba ce, wasu kuma ba su ma san da wurin ba. Na amsa, amma raina bai kwanta ba. Na ɗauka suna yake nema da wurin da mai shi ta ɓoye. Da ya kawo shawarar a sa kalaman waɗanda suka samu sauƙi, ba tare da sunayensu ba, sai na ƙi. A garuruwanmu, in ka rubuta "wata malamar makaranta daga Roni, mai 'ya'ya uku", ka gama faɗin sunanta da na mijinta. Nan take ya yarda, saurin yardar kuma ya ƙara mini zargi.

Na yi aikin da iyakar kulawata. Na sa Hausa a gaba. Na rage hotuna domin shafin ya buɗe ko da sabis ba ƙarfi, na bar guda ɗaya: kujeru biyu babu kowa a kai. Na sa Malam ya naɗi muryarsa yana bayani saboda waɗanda ba sa karatun boko. A fom ɗin neman ganawa ban tambayi unguwa ko sunan mahaifi ba. Sannan na ƙara abu ɗaya da littattafan da na karanta suka yaba: duk wanda ya cike fom, saƙon tes zai shiga wayarsa don hankalinsa ya kwanta. Ni na tsara kalmomin: "Sannu da ƙoƙari. Cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa tana jiranka ranar Talata."

Bayan wasu makonni ina cikin bas daga Babura zuwa Kazaure, sai na ji wasu dattawa biyu a bayana suna hira.

"Alhaji, wa ya yi maka askin nan? In dai mutumin naka ne, ka gode wa Allah da ka taso da kunnuwanka biyu."

"Me ya same shi?"

"Ashe ba ka ji ba. Wayarsa na wurin mai caji saƙo ya faɗo, kowa a rumfar ya gani. Wai masu duba ƙwaƙwalwa suna jiransa ranar Talata. Har da sannu da ƙoƙari."

"To ni dai na sauya wanzami. Wa zai miƙa wuyansa ga aska a hannun wanda kansa ya taɓu?"

Suka yi dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai har muka iso. Na yi tunanin launi da girman rubutu, na manta abin da kowa a yankinmu ya sani: waya takan wuni a rumfar mai caji, takan kwana a hannun ƙane ko mata. Mutumin da ya yi ƙarfin halin neman taimako, jumlata ce ta kore masa masu aski.

Ranar na faɗa wa Malam Nasiru. Bai yi mini faɗa ba, ya ce shi ma ya karanta saƙon kafin a sa, bai ga aibinsa ba. Na cire shi. Yanzu fom ɗin yana tambaya: "Wayar nan kai kaɗai kake riƙe ta? Mu kira ka, ko mu jira ka kira mu?" Babu abin da ke fita daga wurinmu sai mutum ya nema, kuma ko ya nema, ba a ambaton ƙwaƙwalwa.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga shafin. Ina jin za ta juya wayar gaba da baya, ta tambaye ni su wa ke iya leƙawa ta ciki, in yi bayani, ta ƙi gamsuwa. Wataƙila da ta hana. Amma na san tana jin ciwon mutanen ƙauye da ba su taɓa jin labarinta ba, don haka ban da tabbas. Ni dai har yau ban gama yarda da abin da na gina ba. Duk mako sai na shiga da wayar wani na duba ko akwai inda yake yoyo.

Abin da ya fi damuna shi ne wanzamin. Satin da ya wuce na kasa daurewa, na sami Malam Nasiru bayan ya sallami mutane.

"Malam, mutumin Babura, ya zo kuwa?"

Ya ci gaba da kulle durowarsa. "Hauwa, ke aikinki shafi. Wanda ya zo da wanda bai zo ba, wannan ba naki ba ne."

"Don hankalina ya kwanta ne kawai."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Na fito da haushi, sai a hanya na gane mutumin da na shekara ina zargi ya fi ni riƙe abin da Gwaggo ta koyar. Gwaggo ba ta bar gini ba, ba ta bar littafi ba. Ta bar mutum ɗaya da ya iya kama bakinsa ko a gaban 'yar gida. Ban san ko wanzamin ya samu wanda ya saurare shi ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Allah ya jiƙan Gwaggo Rabi, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa na mutane.