Filin da Ke Kan Burtali

Mijina ya yi shekaru yana sayar da huluna da gyale a bakin titi a unguwar Harlem, nan Amurka. Abin da ya tara, fili ya saya da shi a bayan garin Maraɗi, wurin wani kamfani mai yanka filaye. Bai taɓa taka wurin ba. Ƙaninsa ne ya jera bulo a kusurwoyi, ya dasa darbejiya, ya turo hoto.

Wata Lahadi muna cikin jirgin ruwa daga unguwar St. George, 'yarmu tana aikin makaranta. Ya tambaye ta abin da take karantawa. Ta amsa da Turanci kamar kullum, ni ina mayar masa da Hausa. Ta ce a farkon kafa Amurka kamfanoni sun riƙa sayen ƙasa mai faɗi daga gwamnati, suna yankawa suna sayar wa waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Wani filin a sayar wa mutum biyu, har a kai kotu.

Ya ce, "To, babu kowa a ƙasar ne?"

"Akwai, Baba. Korarsu aka yi."

Ya juya ya kalli ruwa. Can ya ce, "Allah ya tsare mu da kwana a kan haƙƙin wani."

Cikin hunturun shekarar ya rasu. A nan aka binne shi.

Bayan na fita takaba ƙanin ya kira ni ta bidiyo. Ashe filayen a kan burtali suke, hanyar shanu tun kaka da kakanni. Makiyaya sun kai kuka, hukuma ta ce wurin na jama'a ne. Kamfanin ya rufe ofis. Waɗanda suka saya sun haɗa kai za su shiga kotu.

Ya ce, "Matar Yaya, ke ake jira. In kika ja baya, guminsa ya tafi, yarinya ba ta gaji komai ba."

Na ce ya nuna mini wurin. Ya juya wayar. Bulon ya zube, sawun shanu ko'ina. Darbejiyar ta fi mutum tsawo. Wata tsohuwa Bafillatana ta sauke ƙwaryarta a gindinta tana hutawa.

Na miƙa wa 'yarmu wayar, don rabonta na gado ya fi nawa. Ta duba, ta girgiza kai, ta mayar mini.

Na ce masa, "Kana da iko da rabonka. Namu mun bari. Abu ɗaya nake roƙo, kada a sare bishiyar. Allah ya kai masa ladan inuwar."