Akuyar da ke ɗaure ɗanta

Kaka ba ta taɓa fara tatsuniya daga farkonta ba. A tsakar gidanmu na unguwar Dar Salam, bayan magariba, tana suyar gyaɗa cikin yashi wadda za ta kai kasuwar Suk al-Shabi, mu kuma mun kewaye murhu, sai kawai ta jefa mu tsakiyar labari. In mun rikice ta ce mu yi haƙuri, za a koma baya.

Wata Alhamis yayana Sani ya cika ya yi fam. Abokansa za su je wanka kogin Nilu washegari, Inna kuwa ta rantse ba zai taka ƙafarsa can ba. Ya raɗa mini cewa zai sulale bayan sallar Juma'a. Ashe Kaka ta ji.

"Wata akuya ce," in ji ta, "kullum sai ta ɗaure ɗanta da igiya. 'Yan awaki na tsalle, shi yana kallo. Ya walad, kai yaro, wace irin uwa ce wannan?"

"Muguwa!" Sani ya faɗa da ƙarfi, don Inna ta ji.

"Tamam. To, mu koma baya."

Sai ta kai mu gonakin auduga na Jazira, tun ba a haifi ɗan akuyan ba. A lokacin akuyar tana da ɗan fari, mai ƙiriniya, ba igiya ba tsawa. Ranar tsinkar auduga ta bar shi yana wasa a bakin tur'a, magudanar ban ruwa. Da ta dawo, takalmansa kaɗai ta tarar.

Na tuntsire da dariya. "Kaka, ɗan akuya da takalmi?"

Ba wanda ya taya ni. Inna ta ajiye faifan gyaɗa ta shige ɗaki, Kaka ta ci gaba da juya yashinta.

Sani bai je kogi ba. Na daɗe kafin na gane dabarar tsohuwar nan, kuma har yau ina sara mata. Da ta fara daga bakin tur'a, da mun tausaya wa akuya mun kwanta abinmu. Sai ta bari Sani ya yanke hukunci da bakinsa tukuna, sannan ta nuna masa abin da ya gabata. Ni ma yanzu, in zan yi wa mutum fushi, nakan nemi jin jiyansa.

A daren nan Sani ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, ya sunansa?"

"Bashir," ta ce. "Yayanku ne."