Numfashin Da Ya Yanke A Baiti Na Uku

Duk layin nan ba wanda ya san ta da wani suna sai Mai Keke, saboda tsohon keken ɗinkinta da ke kuka tun hantsi har la'asar. Shagon nata ɗan mitsitsi ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya koma bakin ƙofa. Almakashinta ɗaure yake da igiya a jikin tebur, don maƙwabta sun fiye aro ba mayarwa. In za ta yi magana sai ka matso, domin tun da aka yi mata aikin maƙogwaro muryarta ta dushe. Wa zai kalli baiwar Allahn nan ya ce ita ta rera waƙar da ta sa matan garin kuka shekara talatin da suka wuce? To wallahi ita ce.

A zamanin kaset, 'yan wasa ba su ke rera waƙoƙin fim ba. Mawaƙiya ce ke shiga wani ɗaki da aka manne bangonsa da soso ta rera, 'yar wasa kuma ta zauna gefe tana kallon bakinta, tana haddace inda take jan numfashi, don ranar ɗaukar hoto ta motsa leɓe daidai. Mai Keke ce mai rerawa. Mai motsa leɓen kuwa aminiyarta ce tun suna benci ɗaya a makaranta, wadda duniya ta sa wa suna Tauraruwa.

Mijin Mai Keke, Allah ya jiƙansa, bai hana ta ba, amma ya kafa sharaɗi ɗaya: kada sunanta ya fito a allo. Ita da ƙafarta ta je ta roƙi mai shirya fim ya cire shi. Ya ce, "Za ki yi nadama fa." Ta yi dariya ta ce ai murya ba ta ɓuya.

Fim ɗin da ya fi tashe, labarin wata yarinya ce da aljanu suka sace suka kai garinsu a ƙarƙashin rijiya, tana rera waƙa daga can ko uwarta za ta ji. Ranar da aka ɗauki waƙar, Mai Keke na da cikin wata bakwai. Tana tsakiyar baiti na uku abin cikin ya yi mata wani shuri a haƙarƙari, numfashinta ya yanke, ta yi wata 'yar shessheƙa kafin ta kamo kiɗan. Ta ɗaga hannu a sake. Mai shirya fim ya yi tsalle ya ce, "Kar wanda ya taɓa! A bar shi haka." Wannan yankewar ita mutane suka fi so a duk waƙar.

Cikin nan shi ya zama ɗiyarta tilo. Tun yarinyar ba ta iya magana sosai ba, uwar ke ɗora ta a cinya in an sa waƙar a rediyo, ta ce, "Saurara, ga ki nan tafe." Daga baya yarinyar ta karɓe aikin. Duk inda take, ko tana wanki ko tana fushi, baiti na uku na zuwa sai ka ji ta ce, "Ga ni nan!" A makaranta an sha yi mata dariya, an ce uwarta tela ce mai shara ƙarya. Ta sha dambe a kan haka. Da ta girma ta daina dambe, amma ba ta daina faɗar kalmar ba, ko da a hankali ne.

Shaidu dai sun ƙare. Miji ya rasu, mai shirya fim ya rasu, muryar ma ta tafi. Saura Tauraruwa kaɗai.

Rannan sai ga ta a shagon, ƙamshin turare ya riga ta shigowa, da yadi a leda. Wai gidan talabijin sun gayyace ta shirin tuna tsofaffin finafinai, kuma ba wanda zai ɗinka mata kayan sai aminiyarta.

"Ƙawas," in ji Mai Keke tana auna mata kafaɗa, "mai sharaɗin nan ya riga mu gidan gaskiya. Ki faɗa musu ni na rera waƙar, ba don ni ba, don 'yar nan tamu. Ga ta da ciki, ina so ta samu abin gaya wa nata ɗan."

Tauraruwa ta dafa ƙirji. "Haba, sai kin roƙe ni? Wallahi wannan karon sai duniya ta san ki."

Kwana huɗu Mai Keke ta yi a kan rigar. Aikin wuyan da hannu ta yi shi, zare bayan zare, har idonta na ruwa. Kuma ita da ba ta da surutu, sai ga ta tana bin layi tana gayyatar mutane kallon shirin. Ranar Asabar da yamma mai aski ya kinkimo talabijin ɗinsa ya ɗora a kan teburin yanka. Mai shagon magani ta zo da kujerarta ta ajiye a bakin ƙofa. Ɗiyar ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta.

Tauraruwa ta fito a allo, rigar ta zauna mata ɗas. Aka yi hira, aka yi dariya. Can mai gabatarwa ya ce, "Wannan waƙa ta rijiya, an daɗe ana tambaya. Babu sunan mawaƙiya a fim ɗin. Wa ya rera ta?"

Mai Keke ta ajiye allurar hannunta.

Tauraruwa ta sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da ta iya tun zamanin kaset. Ta ce, "Ban taɓa son in faɗa ba. Ni ce."

Aka tafa mata. Mai gabatarwa ya tambayi yankewar nan ta baiti na uku. Kai, jama'a, sai matar nan ta ɗauko gefen mayafi ta goge ido. Wai mahaifiyarta ta tuno a daidai wurin, kuka ya shaƙe ta. Mahaifiyar da a lokacin tana nan da ranta, har ita ke kai musu ruwan sanyi ɗakin ɗaukar sauti!

Mai aski ya shiga duban silin. Mai shagon magani ta tuna ta bar kwastoma, ta ja kujerarta. Mai Keke ta buɗe baki, ta so ko layi ɗaya ne ta rera musu su ji, amma ba abin da ya fito sai iska mai kaushi. Da ma maƙiyi ne ya yi mata haka, da ta san yadda za ta ɗauka. Amma wadda ta zauna gefenta tana ƙirga numfashinta, wadda ta ɗora hannu a kan cikinta ranar ta ji motsin da kanta? Abin ya ci ta har ƙashi.

Ɗiyar ta taso da ƙyar ta dafa kafaɗarta. "Umma, ki bar shi. Ko ba ke ba ce, ni ba komai wallahi."

Ko ba ke ba ce. Gara a ce marin ta ta yi.

A talabijin suka sako waƙar don rufe shiri. Ga rijiyar, ga Tauraruwa tana yarinya tana motsa leɓe, ga muryar Mai Keke garau kamar jiya aka ɗauka. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Mai Keke ba ta kalli allon ba, bakin 'yarta ta zuba wa ido. Na uku ya zo, numfashin ya yanke a inda ya saba yankewa.

Ɗiyar na durƙushe tana tsince ƙyallaye daga ƙasa, ba ta ce "Ga ni nan" ba.